Daga Hannibal Zuwa Kairo: Bin Sawun Huck da Jim a Gaɓar Misisipi

Garin Hannibal yana jihar Misuri ta Amurka, a gaɓar yamma ta kogin Misisipi, tafiyar kamar awa biyu a mota idan ka bar St. Louis ka miƙi arewa. Ɗan ƙanwata da yake karatu a St. Louis ne ya ja motar. Lokacin kaka ne, ana girbin masara da waken suya dama da hagu, manyan injuna suna ta tayar da ƙura. Mutanen garin wajen dubu 17 ne, kuma duk inda ka juya sunan mutum ɗaya za ka gani: gadar Mark Twain, kogon Mark Twain, jirgin ruwan Mark Twain, har gidan cin abinci. Sunansa na yanka Samuel Clemens. An haife shi a 1835 a wani ƙauye da ake kira Florida, iyayensa suka kawo shi Hannibal a 1839, a nan ya tashi har ya kai shekara 17. Wannan garin ne ya sauya wa suna ya kira shi St. Petersburg a littafinsa Adventures of Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885.

Yadda aka saba taƙaita littafin shi ne a ce kogi shi ne 'yanci, tudu kuma shi ne wayewa da dokokinta da takurarta, sai yaro Huck da bawa Jim suka guje wa tudu suka hau ruwa. Wannan bayanin bai taɓa kwanta mini ba, domin yana zuba gudun mutum biyu a mazubi ɗaya, alhali abin da ya kori kowannensu daban ne, abin da kowannensu yake nema ma daban ne. Wannan ne ya sa na roƙi yaron ya kai ni inda labarin ya fara, daga baya kuma ya kai ni inda shirinsu ya wargaje.

Gidan da Clemens ya tashi yana kan titin Hill, ɗan farin gida ne na katako mai hawa biyu, tun 1912 aka buɗe shi ga masu ziyara. A gefensa akwai shingen katako da aka shafe da farin fenti, an ajiye buroshi da bokiti, yara suna ɗauka ana yi musu hoto, domin tuna labarin Tom Sawyer, abokin Huck, da fentin shinge a wani littafin Twain. Ban daɗe a nan ba. Abin da ya tsayar da ni yana tsallaken titi, wani ƙaramin gini da yake ofishin mahaifinsa, John Marshall Clemens, wanda ya yi alƙalancin ƙananan ƙararraki a garin. Mutum ne mai mutunci a idon jama'a, mai karatu, marar wasa. A 1841 yana cikin masu taya alƙali yanke hukunci a garin Palmyra, lokacin da aka gurfanar da wasu mutum uku da suka tsallako daga Ilinoi domin su taimaki bayi su gudu. Aka ɗaure kowannensu shekara 12. A gidan Clemens ɗin ma an riƙe bayi. Twain da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa yana yaro bai san akwai wani aibi a bauta ba, saboda babu wanda ya taɓa sukarta a gabansa, kuma a coci ana karantar da su cewa Ubangiji ya yarda da ita. To, idan littafin ya ce wayewa, wannan ofishin yake nufi, da cocin, da falon da ake shan shayi a ciki.

Bayan gidan kaɗan an sake gina wani ɗan gida na gungume a inda iyalin Blankenship suka zauna. Talakawa ne tilis, uban mashayi ne. Ɗansu Tom Blankenship shi ne yaron da Twain ya ce ya kwaikwaya ya fitar da Huck: ba ya zuwa makaranta, ba ya wanka, ba ya ƙoshi, amma zuciyarsa fes, kuma duk garin shi kaɗai ne ba ya ƙarƙashin ikon kowa. Iyaye sun hana 'ya'yansu yawo da shi, hanin kuwa ya ƙara musu son sa. Da na leƙa ɗakin na ga ƙanƙantarsa da duhunsa, ban ga abin sha'awa ba. Yaron da babu mai tambayar inda ya kwana, a wajenmu maraici muke kiran wannan, ko da ubansa yana raye.

Ni da na tashi a gidan da ake durƙusa wa manya, ba zan ce abin da matar marigayi Douglas ta yi wa Huck laifi ne ba. Ta ɗauki yaron da yake kwana a cikin ganga, ta ɗinka masa tufa, ta sa shi makaranta, ta hana shi shan taba, ta koya masa addu'a kafin cin abinci. Wannan riƙon amana ne. Kuma Twain bai ɓoye abin da yake ɗaya ɓangaren ba: uban Huck, wanda babu ruwansa da coci ko makaranta, shi ne ya sace yaron saboda dala dubu shidan da ya ji yana da su, ya kulle shi a bukka a daji yana jibgarsa, har wata rana cikin maye ya bi shi da wuƙa. Mutumin nan da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya, babban abin da yake ci masa rai shi ne ya ga wani baƙar fata malamin jami'a daga Ohayo wanda aka ce yana da ikon jefa ƙuri'a. Saboda haka rashin wayewa ma bai wanke kowa ba. Abin da ya lalata tarbiyyar gidan matar Douglas yana cikin jimla guda a babin farko: idan dare ya yi sai a shigo da bayi a yi addu'a tare, sannan kowa ya je ya kwanta. 'Yar'uwarta Miss Watson, wadda take tsoratar da Huck da wuta saboda ya ɗora ƙafa a kan kujera, ita ce ta kasa kawar da kai daga dala 800 da wani ɗan fataucin bayi ya taya bawanta Jim domin ya kai shi New Orleans.

A gindin tudun Cardiff akwai mutum-mutumin Tom Sawyer da Huck da aka kafa a 1926. Su biyu ne kawai, babu Jim. Sai ka ɗan taka zuwa wani tsohon ɗakin dutse kafin ka tarar da gidan tarihin da aka sa wa sunansa, wanda wata baƙar fata 'yar asalin garin, Faye Dant, ta buɗe a 2013. Wurin ƙarami ne, bango cike da hotunan iyalan baƙaƙen garin, da na makarantar Douglass inda 'ya'yansu suka yi karatu a zamanin wariya. A nan ake ba da labarin Daniel Quarles, bawan da yake gonar wani dangin Twain, wanda yaron yake zama a gabansa da dare yana sauraron tatsuniyoyi, kuma daga gare shi ya ɗebo halayen Jim. Na fi daɗewa a wannan ɗaki fiye da duk sauran wuraren, kuma a lokacin da muke ciki mu kaɗai ne baƙi.

Da la'asar muka hau jirgin yawon buɗe ido da yake zagayawa na awa guda. Kogin yana da faɗi, ruwan ja-ja ne mai kauri kamar kunun kanwa, kuma yana tafiya da ƙarfin da ba ka gane shi sai ka ga reshen itace ya wuce ka. Wani jirgi ya zo yana tura shimfiɗaɗɗun jiragen dakon hatsi guda 15 a ɗaure, uku-uku a jere. Mai bayani ya nuna mana tsibiri mai duhun itatuwa, ya ce shi ne tsibirin Jackson, inda Huck ya ɓuya bayan ya yanka alade ya watsa jinin domin a zaci an kashe shi, inda kuma ya yi kiciɓis da Jim.

Ɗan ƙanwata ya dubi gaɓar gabas ya ce, “Kawu, ai can Ilinoi ce, kuma ka ce babu bauta a can. Me ya hana Jim ya tsallaka kawai ya huta?”

Na ce masa, “Ɗana, babu bauta a takarda. Amma dokar jihar ta ce duk baƙin da ba shi da takardar shaidar 'yanci ana iya kama shi a tsare. Dokar ƙasa tun 1793 ta ba ubangijin bawa ikon bin sa har jihar da babu bauta ya kamo shi. Kuma an sa dala 300 a kan Jim. Duk mai kwale-kwale a gaɓar can ya san da wannan kuɗin.”

Wannan ba ƙagen marubuci ba ne. A 1847 wani bawa ya gudu ya ɓuya a fadamar da take tsallaken Hannibal, a ɓangaren Ilinoi. Benson Blankenship, yayan Tom ɗin nan, ya gan shi, bai tona shi ba duk da ladan da aka sa, ya riƙa kai masa abinci a ɓoye na makonni. Daga baya masu sarar itace suka fatattaki mutumin, aka tsinci gawarsa a ruwa. Clemens yana da shekara 11 a lokacin. Ɗan mashayin da garin ya rena shi ne ya ciyar da mai gudu, alƙalin da garin yake girmamawa kuma yana cikin waɗanda suka sa aka ɗaure masu taimakon masu gudu. Duk littafin daga tsakanin waɗannan gidaje biyu ya fito, kuma taku kaɗan ne ya raba su.

A St. Louis, kafin mu kama hanyar kudu, na tsaya a gaban tsohuwar kotun da take fuskantar ƙaton bakan ƙarfen nan mai tsayin mita 192. A kan matakalar kotun an yi gwanjon bayi. A harabarta akwai mutum-mutumin Dred Scott da matarsa Harriet, bayin da suka shigar da ƙara a nan a 1846 suna neman 'yanci, saboda sun zauna a yankunan da aka haramta bauta. Sun bi hanyar da wayewa ta ce a bi: lauya, takarda, haƙuri. Bayan shekara 11, a 1857, Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi ma da hurumin kai ƙara a kotun tarayya.

Muka bi hanyar ɓangaren Ilinoi, kogin yana ɓoye a bayan dogon shingen ƙasa da aka tara domin ambaliya. Ina ta tuna abin da su Huck suke tararwa duk lokacin da suka taka tudu. Iyalin Grangerford, masu kyakkyawan falo da karamci ga baƙo, suna zuwa coci da bindigogi a jingine tsakanin gwiwoyi, su da abokan gabarsu Shepherdson, a yi musu wa'azi a kan son ɗan'uwa, su fito suna yaba wa'azin, washegari a kashe yaro Buck a bakin ruwa a kan gabar da babu mai tuna mafarinta. Kanar Sherburn, mafi kyan tufa a garinsu, ya harbe wani tsohon mashayi a tsakiyar titi a gaban 'yarsa. Ba mamaki Huck yake cewa babu wurin zama kamar jirginsu, wanda ba komai ba ne illa gungumen itace da aka ɗaure aka shimfiɗa katako a kai. Amma jirgin gungume ba shi da inji. Inda ruwa ya nufa nan yake zuwa, ruwan Misisipi kuwa kudu ya nufa, wato cikin ƙasar auduga da rake, inda kowane bawan Misuri yake tsoron a kai shi. Dare kawai suke tafiya, da rana su ɓuya. Da wasu 'yan damfara biyu suka hau jirgin suna kiran kansu sarki da basarake, babu abin da ya iya hana su, har aka koma ɗaure Jim da igiya idan za a bar shi shi kaɗai.

Duk shirinsu ya rataya ne a kan gari ɗaya, Kairo, takwarar Alƙahira, a ƙarshen kudancin Ilinoi, inda kogin Ohayo yake shiga Misisipi. Niyyarsu su sayar da jirgin a nan, su hau jirgi mai tururi su bi Ohayo zuwa can cikin jihohin da babu bauta. Mun shiga garin ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda aka rataye wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe da aka tanada domin tare ruwa, saboda garin kewaye yake da shinge. Muka ratsa shi har ƙarshe, zuwa filin Fort Defiance, inda sojojin Janar Grant suka yi sansani a 1861, a farkon yaƙin basasar Amurka. Ƙasa tana tsukewa har ta ƙare a gabanka. Ta dama Misisipi da lakarsa, ta hagu Ohayo da ruwansa mai ɗan haske, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa zuwa wani nisa kafin su gauraya. Da wannan bambancin launin ne Huck da Jim suka gane cewa sun riga sun wuce Kairo a cikin hazo da dare.

A daren hazon ne ruwa ya raba su, Huck a kwale-kwale, Jim a kan jirgi. Da Huck ya dawo ya tarar Jim ya yi barci don gajiya da kuka, sai ya ce masa ai mafarki ya yi. Da Jim ya gane wasa da hankalinsa aka yi, ya gaya wa yaron magana mai zafi a kan mutumin da yake kunyata abokinsa, ya tashi ya shige rumfa. Huck ya yi ta jan ƙafa na kwata guda kafin ya iya zuwa ya ba shi haƙuri. Wannan darasin na mutunci, wanda makaranta da coci ba su koya masa ba, bawa ne ya koya masa.

A kusa da nan ne kuma Jim ya faɗi abin da yake so, kuma a nan nake ganin bayanin da aka saba yi ya rushe. Ya ce idan ya isa jihar 'yanci zai yi aiki ya tara kuɗi, ba zai kashe ko sisi ba, ya fanshi matarsa, su biyun su yi aiki su fanshi 'ya'yansu biyu. Wannan ba mai gudun jama'a ba ne. Gida yake so, da aiki, da aure da doka ta sani, da 'ya'yan da babu mai sayar da su. Abin da Huck yake gudu da ƙafafunsa, shi Jim yake kasadar ransa ya samu. Huck yana iya komawa gida duk ranar da ya ga dama, a rungume shi da kuka. Da ya ji Jim yana maganar 'ya'yansa, sai hankalinsa ya tashi, yana ganin yana taimakon wanda zai sace dukiyar wani mutum da bai taɓa yi masa laifi ba. Haka aka gina zuciyarsa. Shi ya sa can gaba, da 'yan damfarar suka sayar da Jim a kan dala 40, ya rubuta wa Miss Watson wasiƙar tona asiri, ya ji kansa sakayau kamar an wanke masa zunubi, sannan ya tuna dararen da Jim yake karɓar masa gadi domin ya yi barci, ya yage takardar, yana mai imani cewa ya zaɓi wuta ke nan. Abin da yake sa ni hawaye a wurin shi ne yaron bai san alheri yake yi ba.

Wannan magana ta fansa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mun san murgu, mun san fansar kai, mun san rinji. An karantar da mu cewa 'yanta bawa yana cikin manyan ayyukan lada, duk da haka an yi kasuwannin bayi a biranenmu, kuma sai 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Har yau akwai gidajen da ake binciken asali kafin a ba da aure. Ban karanta labarin Miss Watson a matsayin labarin wasu mutane can nesa ba.

Muka koma cikin Kairo muka bi titin Commercial a hankali. Filaye ne da ciyawa a inda shaguna suke a da, sai gini ɗaya nan ɗaya can, tagogi a toshe da katako. A 1920 mutanen garin sun haura dubu 15, ƙidayar 2020 ta samu 1,733. Gadojin da aka gina sun kashe sana'ar fito, harkar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa ta ja baya. Amma akwai wani dalilin. A kan wannan titin ne taron jama'a suka kashe wani baƙar fata, William James, a 1909, dubban mutane suna kallo. A 1967 aka tsinci gawar wani matashin soja baƙar fata, Robert Hunt, a ɗakin tsare mutane na 'yan sanda, hukuma ta ce shi ya rataye kansa, baƙaƙen garin suka ƙi yarda. Daga 1969 suka ƙaurace wa shagunan fararen fata na shekaru, suna neman a ɗauke su aiki, da yawa daga masu shagunan suka gwammace su rufe su bar garin. Nan ne wurin da Jim yake tsalle yana leƙen fitilunsa da dare.

Twain ya fara littafin a 1876, ya ajiye alƙalami ba da nisa ba bayan su Huck sun wuce Kairo, bai kammala ba sai 1883, bayan ya sake bin kogin da kansa a 1882. A tsakanin waɗannan shekaru gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkokin jihohin Kudu a 1877, aka fara ƙwace wa baƙaƙe 'yancin da yaƙin basasa ya ba su. Da wannan nake karanta ƙarshen littafin, wanda mutane da yawa ba sa so. Jim yana tsare a wata gona a Akansa, Tom Sawyer ya zo ya mai da kuɓutar da shi wasan yara, ya cika masa ɗaki da ɓeraye da macizai, makonni suna wucewa, alhali Tom ya san Miss Watson ta mutu wata biyu da suka wuce, kuma ta 'yanta Jim a wasiyyarta. Mutum ne mai 'yanci a takarda, a ɗaure da sarƙa, yana jiran ɗan masu gari ya gama nishaɗi. Da aka harbi Tom a ƙafa, Jim ne ya fito daga maɓoyarsa ya taimaki likita, ya san kuma kama shi za a yi. Ladansa dala 40.

Shi kuwa Huck, da ya ji matar mai gonar tana son ta riƙe shi ta wayar da shi, sai ya ce zai yi gaba zuwa yankin yamma. Yankin nan ƙasar Indiyawan Amurka ce, inda aka kora Cherokee da wasu ƙabilu bayan dokar 1830. A 1889, shekara huɗu bayan fitowar littafin, aka fara buɗe shi ga fararen fata masu neman gona, a 1907 ya zama jihar Oklahoma, da kotunanta da dokokinta na wariya.

Muna hawa gadar da take tsallaka Misisipi zuwa Misuri, siririya ce har sai ka riƙe numfashi idan babbar mota ta taho, ɗan ƙanwata ya ce, “To Kawu, matar Jim da yaran fa? Ya fanshe su?”

Na ce masa littafin ya rufe bai koma kansu ba. Matar tana wata gona kusa da garin da suka baro, yaran suna hannun wani, ɗaya daga cikinsu yarinya ce da zazzaɓi ya kurmantar. Twain ya ce labarin ya faru ne shekara 40 zuwa 50 kafin fitowar littafin, wato tsakanin 1835 da 1845. Jihar Misuri kuwa ba ta haramta bauta ba sai watan Janairun 1865.